Kular Shinkafa a Kan Dutse

Ni dai har yau ban ga dalilin da zai sa mutum mai hankali, wanda ba akuyarsa ce ta ɓata ba, ya tashi ya hau dutse. A Kano na girma ina hangen Dala daga saman benen maƙwabtanmu, ƙafata ba ta taɓa yi mini ƙaiƙayi ba. Sai da aure ya kawo ni Manchester na tarar da masu sayen takalmi na musamman da sanda ta musamman, kai har da safa, don su je su wahala ranar hutu su dawo suna ba da labari. Abin takaicin, maigidana ya shiga sahunsu.

Zan yi masa adalci, ba da jin daɗi ya fara ba. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, gwamnati na ta yanke-yanke, sai ofishin da yake aikin injiniyan hanyoyi ya daina samun kwangila daga council, wato hukumar gari, aka sallame su. Ya yi wata uku a falo yana cike takardun neman aiki. Daga nan wani Bature da aka sallama tare da shi ya ja shi duwatsun Wales. Ya dawo da taɓo har gwiwa yana washe baki, shi ke nan duk Asabar sai dutse. Ni kuwa ina tsare a flat ɗinmu na unguwar Whalley Range da yara biyu, haushi kamar ya kashe ni. Na kira yayana, likita ne a Birmingham, na zazzage masa komai. Yaya kuwa magana ba ta kwana a cikinsa. Kafin mako ya zagayo ta isa kunnen Baba a Kano.

Baba ya zo da sunan duba ido a wajen Yaya. Da ya gama ya wuto wurinmu, amma saƙonsa ya riga shi isowa: idan ya ga mutumin nan ba zai iya riƙe gida ba, zai koma da ni da yaran har Allah ya buɗa masa. Maigidana ya ji saƙon daga bakina. Ya tsaya yana jira in ce ba zan bi ba, ni kuma na ci gaba da ninke kayan wanki.

Kowa ya san suruki ba ya cin abinci a gaban uban matarsa. A Kano wannan ba wahala ba ce, akwai zaure, akwai ɗaki, akwai ƙofar gida. Mu kuwa tsohon gida ne aka yayyanka, kicin ɗinmu ko ƙyaure ba shi da shi, daga kujerar da Baba ya mallake kana ganin har cikin tukunya. Sai maigidana ya koma cin abinci kamar ɓarawo. Wani lokaci a matakalar bene, wani lokaci ya shiga bas zuwa unguwar Rusholme ya tsaya a titin Wilmslow Road ya cusa wani abu a ciki, ya goge baki ya dawo ya durƙusa ya gaishe da Baba. Baba ya amsa da "Injiniya, an dawo?" ya mai da ido kan carbinsa. Kwana goma ke nan hirarsu ba ta wuce haka ba.

Sai ga maigidana da dabara. Tunda babu ofishin da zai nuna, zai nuna wa Baba dutse, wurin da shi ne gwani. Na yi dariya har da riƙe ciki. Baba kuwa bai yi ba. Da ƙuruciyarsa ya kora shanu da ƙafa daga Kano har kurmi, don haka ya ce a je, ya gaji da zaman kujera.

Maigidana ya roƙe ni in haɗa burodi da abubuwa marasa nauyi. Na ce Allah ya kiyaye in ba ubana busasshen burodi a daji kamar marar gata. Na dafa shinkafa dafa-duka da kaza na cika babbar kula. Na haɗa filas ɗin shayi, da faranti, da darduma, da buta. Ya kalli tulin kayan, ya kalle ni, ya fara cusa su a jakarsa ta goyo.

Ranar Asabar muka bar yara a wajen maƙwabciya. Yaya ya iso daga unguwarsu ta Edgbaston a Birmingham cikin sababbin kaya ja da ɗorawa, ko takardar kanti bai cire daga wuyan rigar ba, ga agogo mai ƙirga bugun zuciya. Baba ya sa kaftaninsa da hularsa, ya ɗora rigar sanyi, ya ari takalmi. Tun asuba yana falo, don haka maigidana ko ruwan shayi bai kurɓa ba. Na sani, don ni na zuba shayin na kuma zubar da shi. A mota Baba na kujerar gaba, maigidana na tuƙi zuwa Wales, fiye da awa biyu.

Muka ajiye mota muka taka zuwa bakin wani tafki. Ruwan baƙi ƙirin, ba motsi, duwatsu sun kewaye shi ta ɓangare uku. Maigidana ya gyara tsayuwa ya yi bayani cewa ƙanƙara ce ta gangaro tun zamanin da ba mutane, ta ƙwaƙule wurin, da ta narke ta bar ruwan.

"Ƙanƙara," in ji Baba. "To, Allah da ikonsa."

Maigidana ya nuna mana inda za mu: wani mashigi can sama tsakanin kawunan duwatsu biyu, daga nan a karya dama zuwa ƙololuwa. Yaya ya ce ai ga shi nan kusa. Baba ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, a zuba abinci tukuna. Na zuba. Baba ya tura farantinsa gefe kaɗan.

"Bismillah, Injiniya."

"Alhamdu lillahi, Baba, na riga na karya."

Ƙarya ce ta al'ada, kowa ya san ta, kuma Baba ya ɗauka ya ci wani abu a ɓoye kamar yadda ya saba. Da a nan ya zagaya bayan wani dutse ya ci, da an huta. To, ranar ce Baba ya zaɓi ya sake da shi. Ya shiga tambayarsa yadda ake fasa hanya a irin wannan ƙasa, da yadda tumakin nan ke rayuwa ba makiyayi. Mutumin da ya yi kwana goma yana jiran a kula shi, yaya zai tashi ana yi masa magana? Ya zauna yana amsawa, ƙamshin kaza na dukan hancinsa. Da muka gama ya rufe kular, fiye da rabi na ciki, ya mai da ita bayansa.

Hanyar ba kanwar lasa ba ce. Matakala ce ta duwatsu masu santsi, kowane taku sai ka ɗaga gwiwa har ƙirji. Ba bishiya, ba katanga, ba abin da zai ɓoye ko kaza. Turawa na wuce mu da 'yan jakunkunansu, suna gaishe mu, suna satar kallon butar da ke reto a bayan maigidana. Babban likitan Birmingham kuwa tun ba a je ko'ina ba ya koma baya, yana tsayawa yana duba agogo, wai hoto yake ɗauka. Baba na tafe hannu a baya kamar mai zuwa masallaci, maigidana na gefensa yana nuna masa inda zai taka.

Ni ina bayansu, don haka ni na fara gani. Ƙafarsa ta soma kuskuren dutse. Ya zame sau ɗaya ya dafa ƙasa, ya ce santsi ne.  Akwai dabino cike da aljihun rigata. Abin da ya kamata in yi bai fi in ce igiyar takalmina ta kwance ya tsaya ya taimake ni ba, Baba ya yi gaba, in cika masa hannu. Na gaya wa kaina kunya ce, yaya Baba zai waiwayo ya gan ni ina lallaɓa miji? Amma ba kunya ce kaɗai ba. A raina cewa nake, ba kai ne sarkin dutse ba? To ga ka ga dutsen. Na jefa dabino ɗaya a bakina na ci gaba da hawa.

Da muka isa mashigin, iska ta tare mu kamar ta yi jifa da mu. Tafkin ya koma ɗan mitsitsi a ƙasa. Maigidana ya nuna shi ya sake soma labarin ƙanƙara daga farko, harshensa na harɗewa, bai kai ƙarshe ba ya sulale. Ya zauna daɓas da jakar a bayansa. Leɓɓansa sun yi fari, gumi na keto masa a cikin wannan sanyi.

Yaya ya ƙaraso yana haki. Nan kam ya tuna shi likita ne. Ya kama hannun maigidana, ya leƙa idonsa.

"Ka yi breakfast kuwa? Sugar ɗinka ne ya yi low. Buɗe kular nan ka ci abinci yanzun nan."

"Na ƙoshi, Yaya."

"Ka ƙoshi da me? This is ridiculous! A nan za ka sume mana sai an kira helicopter?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Ya ƙi kallon kular, ya ƙi kallon Baba. Namiji mai 'ya'ya biyu, da digiri biyu, ya goyo abinci tun daga ƙasa har gajimare, yana shirin mutuwa da shi a bayansa. Na ji kamar in rufe shi da duka, na kuma ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Baba ya dube shi, ya dube ni. Sannan ya gyara hularsa.

"Likita, zo ka raka ni in ga abin da ke can gefen."

"Baba, babu komai a can sai iska."

"Ita nake son gani."

Ya kama hannun rigar Yaya ya ja shi. Suka yi nisa har inda mashigin ke gangarawa ɗaya ɓangaren. Babu mafaka a wurin. Baba ya sami wani falalen dutse ya zauna, ya ba mu baya, ya fuskanci iskar, kaftaninsa na kaɗawa. Yaya ya so ya waiwayo, na ga Baba ya juyar masa da kafaɗa.

Na buɗe kular. Maigidana bai jira cokali ba. Na zuba shayi na cika shi da sukari, na riƙe masa kofin don hannunsa ba zai iya ba. Can da idonsa ya washe, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ya gani?"

"Baya ya ba mu. Ci."

Ya ci har ya ga gindin kula. Tsohon nan mai shekara saba'in ya yi kusan rabin awa a bakin iska bai motsa ba. Da zai dawo, tun daga nesa ya fara gyaran murya yana salati da ƙarfi, har maigidana ya sami damar goge baki ya rufe kular ya miƙe.

"Baba, saura kaɗan a kai ƙololuwa," in ji maigidana. "In an shirya sai mu ƙarasa."

"Ina! Gwiwata ta ƙi, Injiniya. Tsufa ya zo. Ka yi haƙuri na ɓata maka tafiya, ka saukar da ni a hankali."

Ya dafa kafaɗarsa suka fara gangarawa. Ina bayansu ina kallo, ban san wa ke tallafe da wa ba. Da farko ƙafar hagu Baba ke ɗingisawa, da muka yi nisa ya manta ya koma ta dama.

A bakin tafkin muka tsaya salla. Yaya ya baje a kan ciyawa kamar wanki, maigidana ya je shimfiɗa darduma. Na ɗebo ruwan nan mai yankan hannu a buta ina zuba wa Baba. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, jaka ɗaya na zo da ita ƙasar nan, da ɗaya zan koma. Aiki na Allah ne, zai zo. Mijinki wawa ne, amma wawan da ya gwammace ya faɗi da ya ci abinci a gabana, ba a ɗauke masa iyali."

Na ce to. Ya wanke fuska, ya miƙo hannu in ƙara ruwa, bai ɗago ya dube ni ba.

"Shi kunyata ce ta hana shi ci. Ke da kike bayansa kina tauna dabino, me ya hana ki ba shi?"

Ruwan butar ya ƙare ban sani ba, ina ta karkata ta. Baba ya karɓe ta daga hannuna ya je ya ɗebo da kansa.

Da aka idar da salla na zaro kular daga jakar maigidana na rungume ta. Ya ce in kawo, ai ba komai a ciki. Na ƙi. Ko babu shinkafar sai da ta gajiyar da hannuna kafin mu kai mota.