Injin Washin da Malam Rabe Bai Zaɓa Ba

Da safiyar nan labarin ya same ni a Kano, ina sa takalmi zan koma kasuwa. Malam Rabe na Kurfi, mai injin yankan itace, ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙaninshi Lawal ne ya kira da wayar Malam. Wai ya dawo sallar asuba ya ce ƙirjinshi ya yi mashi nauyi, ya zauna a zaure, shi ke nan.

Cikin mota nake rubuta wannan, don na kasa zama shiru. So nake in iske jana'iza. Na roƙi Lawal su ɗan jira ni, ya ce zai yi ƙoƙari, amma mutane sun fara taruwa.

Kuma Malam Rabe ne ya aiko ni Kanon.

Duk wanda ya san mu ya san tare muke sana'a, shi ya koya mani riƙon inji. Sarƙa in ta dakushe, da magagari yake wasa ta, haƙori bayan haƙori. Bana idonshi ya fara gajiya, sai muka ce a sayi injin washi. To fa, nan gardama ta tashi. Ni na ce babban nan mai wuta da ake kafawa bisa tebur, mu aje shi Dutsin-Ma masu inji su riƙa kawo aiki. Shi kuwa ƙaramin yake so, wanda ake maƙala wa batirin babur.

"Kai ɗan birni, a dajin Barkiya wace wuta za ka jona?" Haka yake tsokanata.

Mun wuce Bichi. Direban nan kowa ya ɗaga hannu sai ya tsaya. Wallahi ji nake kamar in sauka in ruga da ƙafa.

Malam Rabe mutum ne da bai iya ganin ka da dakusasshiyar sarƙa. Ko injin naka ne ko ba naka ba, sai ya ce kashe, kashe, za ta dawo maka a fuska. Ya amsa ya zauna gindin itace ya wasa maka, kai kuma ya tura maka furarshi.

Ranar da injina ya ƙone, nashi ya ɗauro bisa babur ya kawo mani har Makera. Shi ya wuni gida ba aiki.

Shekaranjiya na gan shi ƙarshe, a tashar Dutsin-Ma. Har mota ta tashi yana bin taga yana cewa in tambaya ko ana samun dutsen injin in ya cinye, kada mu sayi abin da zai zama kayan ado.

Jiya a shago na kira shi ta bidiyo, na nuna mashi duka biyun. Ya sa na juya wannan, na juya wancan, har mai shago ya fara tsaki. Can ya yi dariya ya ce, "Ka kwana nan, Sani. Da safe zan faɗa maka guda." Na yi ta mita, na ce Malam kai dai ba ka yanke magana. Da na ga kiran safen nan, na ɗauka amsar ce.

Ban sayi ko ɗaya ba.

Yanzu muna Tsanyawa Lawal ya sake kira. Liman ya ce ba za a ƙara jira ba, kuma gaskiyarshi. Na ce to kada ka kashe wayar. Ya sa ta aljihu ya shiga sahu. Direba ya ga fuskata ya rage rediyo, motar ta yi tsit, a haka na ji kabbarorin da aka yi wa Malam Rabe har aka sallame.

Ban samu tsayawa kanshi ba, jama'a, abin ya yi mani ciwo ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka Malam, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mashi addu'a. Wanda kuma ke kusa da Kurfi ya bi su maƙabarta, ya zuba mashi ƙasa a madadina.