Taɓarya Goma

Ciwon bayana ya fara ne bayan haihuwar ɗiyata ta fari, a Shinkafi, shekarar da anka ƙaddamar da Shari'a. Da damina na haihu. Itacenmu ya jiƙe, na yi kwana uku ban samu ruwan wankan jego ba. Da bayan ya riƙe, uwar mijina ta dube ni ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, 'yar nan. Kwana ukun nan ne."

Ni kuwa da ma tsoro ba ya mini wuyar kamu. Na ɗauka an gama da ni.

Sana'ata fura. Akwai wata Bafillatana daga wajen Jangeru mai tallar nono, a wurina take ɗaukar fura duk ranar kasuwa tun ina amarya. To, na jingine taɓarya. Na koma salla a zaune. Cokali in ya faɗi, da yatsun ƙafa nake ɗauko shi, har na gwanance. Na ɗaure ƙugu da zane biyu, ina tafiya a tsakar gida a sanƙare kamar wadda ta ɗauko ƙwaryar nono cike. Atishawa ma sai na dafa bango tukuna.

Wata bakwai ina haka. Rannan Bafillatanar ta zauna bakin ɗakina ta ce, "Ƙawa, furar da nake saye yanzu tsaki gare ta, masu sha suna ƙorafi. Amma na gaji da jira. In kaka ta yi ba ki tashi ba, zan kama wani gidan fura in zauna."

Wannan magana ta kai ni asibiti a Ƙaura Namoda. Lokacin an hana mata hawa kabu-kabu, sai munka shiga motar mata, mu takwas da jarirai. Malamar asibitin, wata dattijiya mai tabarau, ta danna nan ta danna can, ta sa na ɗaga ƙafa. Na ba ta labarin kwana ukun da hawaye.

Ta ce, "Daga ina kinka zo?"

"Shinkafi."

"A wannan hanya? Ramukan nan duk ba su karya ki ba, sai taɓarya? Ƙanwata, ciwon gaskiya ne, ban ce ƙarya kike ba. Amma kin hana bayan motsi har ya sandare, kina gadinsa kamar mai gadin gona. Gobe ki yi daka goma ki ajiye. Kowane kwana biyu ki ƙara biyar."

Na ce, "Malama, ba allura?"

Ta ce, "Turmi ne allurarki."

Na dawo ina jin haushi. Ranar farko na yi goma ina karanto duk addu'ar da na iya. Ban mutu ba. Rana ta huɗu daɗi ya kwashe ni, na kirɓa turmi guda cur, har da waƙa. Kwana biyu ina kwance ina nishi, uwar mijina tana leƙowa tana cewa, "Gwanar daka, an tashi lafiya?"

Nan na so in sake jinginewa. Abin da ya hana ni, na lura ciwon da na kwanta da shi daidai yake da wanda nake ji ina zaune ban taɓa komai ba. Sai na koma goma, kamar mai koyo.

Kafin a yanke gero na kai rabin turmi. Da Bafillatanar ta zo, na miƙa mata 'yar ƙwarya, rabin abin da ta saba. Ta gutsura, ta murza tsakanin yatsu, ta ce, "Sauran fa?"

Na ce, "Sauran sai bayana ya yarda."

Ta ce za ta cike da mai tsakin, amma tawa za ta ɗora a sama. Bayan nawa har yau yana gaishe ni, musamman da damina, ina daka muna tare.