Wasiƙar da Ta Zo da Sunan Liman

Ba limamin masallaci ba ne. Abokansa ne suka laƙaba masa Liman, don shi ake kira idan kamfani ya mutu. Ya zo ya ƙirga injuna da kujeru, ya sayar, ya sallami masu bin bashi, ya garƙame ƙofa. Jana'iza ke nan, in ji su. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki a wani ɗan ofis a saman shagon mai gyaran agogo, da tebur ɗaya da durowar ƙarfe wadda ba ta buɗuwa sai an taɓa ta da ƙafa. Da guminsa ya gina gida mai ɗaki uku, shi ke nan abin da ya mallaka.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ba ya ba masu kamfani ko sisi sai ofishin haraji ya aiko da takarda cewa mamacin ba shi da sauran nauyi. Yakan ce ba a rabon gado da bashi a kan gawa. Kuma ya san doka: wanda ya raba kafin takarda ta zo, harajin a wuyansa yake.

To, sai mijin yayarsa ya rasu, kamfanin sabulunsa ya bi shi. Aka damƙa wa Liman. Ya sayar da tukwane da motoci, ya biya ma'aikata, ya rubuta wa ofishin haraji. Wata uku shiru.

Rannan Yaya ta hau matakalar tana laluben bango, don yanar ido ta rufe mata gani. Ta zauna, ta tuna masa wadda ta goya shi bayan rasuwar innarsu.

"Yaya, takarda nake jira."

"Auta, takarda ce za ta yi mini gani? Likita ya ce in wata ɗaya ya wuce, sai sanda."

Ya sake duba littattafan kamfanin, ya same su tsaf. Ya ware abin da lissafinsa ya ce na haraji ne, har ya ɗora ƙari, sannan ya sa hannu ya ba ta kasonta. Mai gyaran agogo da ya ji labari bai yi masa tsiyar da ya saba ba. Cewa kawai ya yi yau Liman ya binne gawa ba wanka.

Aikin ido ya yi kyau. Sauran kuɗin ta biya haya da makarantar marayu.

Bayan sati shida wasiƙar ofishin haraji ta iso cikin ambulan. Tun daga bayanta ya san ba lafiya, don sunansa ne a jiki, babu na kamfani. Ashe shekara biyar marigayin yana cire haraji daga albashin ma'aikata, ana rubuta an kai, ba a kai ba. Abin da Liman ya ware ko kwata bai kai ba. A shafi na biyu an nemi ya kawo takardun gidansa cikin kwana ashirin da ɗaya.

Yana riƙe da ita ya ji taku a matakala, da sauri, ba laluben bango. Yaya ce ta zo godiya. Ya kai ƙafa ga durowa, ta ƙi buɗuwa.

"Me kake ɓoyewa, Auta? Kawo nan. Ai yanzu ina gani."