Tarin Motar Malam

Ba ni na zaɓi motar ba, amma an yi shawarar injinta da ni. Maigidana malamin dabbobi ne, kullum yana yawon rugage tsakanin Gwandu da Kalgo, sai ya ce ƙaramar jif yake so, wadda za ta shiga yashi ba ta kafe ba. Dillali ya turo masa hoton guda biyu, ɗaya mai fulogi shida, ɗaya mai huɗu. Ni mai shida na so, don baƙa ce wuluk, irin wadda samarin cikin littattafan da na taso ina karantawa suke fitowa daga cikinta suna ƙamshin turare. Malam ya yi dariya ya ce, "Waccan idan ta ga gidan mai ba ta wucewa. Bar ni da mai huɗu, uwargida." Ya kawo ta ruwan toka, da tabon tsatsa a ƙofar baya.

Ban san ranar da na fara sonta ba. Idan ya saki totur a kwanar gidanmu, injin yakan yi wani ɗan tari sau biyu, sannan ya sassauta kamar mai sallama. Motoci na wucewa yini guda, ni wannan tarin nake jira. Da na ji shi sai in gyara ɗankwali.

Jinyar kwana uku Malam ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin takaba, kowace safiya nakan shiga motar a tsakar gida in tada ta, wai don kada batir ya mutu. In rufe ƙofa, in zauna cikin warin maganin shanu da ya kama kujeru, in taka totur in saki, ta yi tari sau biyu. Da aka raba gado ta faɗo hannuna da yara. Na koyi tuƙi, na riƙa zuwa makarantar da nake koyarwa a Kalgo da ita, ranar Juma'a kuma in biya Kambaza in gaida Inna, mahaifiyar Malam, wadda idanunta suka yi rauni.

Motar ta fara tsufa. Salansa na fitar da hayaƙi shuɗi, baƙin mai ba ya mako. Bakaniken Malam da ke Kalgo ya buɗe ta ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, hanya biyu ce. Ko a sa mata ringi ta ɗan lallaɓa, ko a sauke injin a ɗora na Kwatano ki huta."

"Idan aka canja, za ta riƙa yin tarin nan?"

"Tari? Ai tarin shi ne ciwon!" Ya fara dariya, da ya dubi fuskata sai ya haɗiye ta.

Na ce a sa ringi. Bayan damina aka sake sawa. Ta taɓa mace mini kusa da Dangoma da rana tsaka, masu shanu suka tura ni, duk da haka ban sauya magana ba.

Wata Juma'a na isa Kambaza, na saki totur a ƙofar gida kamar kullum. Da na shiga na tarar da Inna a tsaye bakin ɗaki, hannunta ɗaya a jikin bango, fuskarta tana kallon zaure, cike da fara'a. Na yi sallama. Ina kallo fara'ar ta sauka a hankali. Ta laluba tabarma ta zauna.

Sai da muka gama gaisawa ta ce, "Ɗiyata, duk sadda motar ga ta yi kukan ga, ƙafafuna tashi sukai ban sa su ba. Na san ba shi ba ne. Amma sai na sake ji ya rasu."

Shekara biyu ina kai mata wannan kowane mako, ina zaton ziyara ce kawai.

Ranar Litinin na kai motar gareji. Kafin in miƙa makulli na taka totur na saki sau ɗaya. Bakaniken ya juya baya yana neman wani abu a cikin akwatinsa har na fito.

Sabon injin lafiyayye ne, ba hayaƙi, ba tari, mai ma kaɗan yake sha. Juma'ar da ta biyo baya na tsaya a ƙofar gidan Inna, na shiga na same ta zaune da carbinta, ba ta motsa ba.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Inna."

"Lale, ɗiyata," ta ce, ta matsa mini gefen tabarma.