Wankan da Ban Gama Ba

Haihuwata ta fari ta zo a tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun unguwar Birni a Damagaram ke riƙe zafi har bayan magariba, famfon gidanmu kuma ya daɗe bai ɗiga ba. Daga asibiti gidan iyayena aka wuce da ni, kamar kowace mai haihuwar fari, don in yi wankan jego a hannun mahaifiyata.

Inna ba ƙaramar mace ba ce a wannan fanni. A unguwarmu in mace ta haihu, kafin labari ya kai dangin miji an aiko kiranta. 'Yar Gidimuni ce, a bakin tafki ta tashi, kuma ko da yake ta tsufa a Damagaram ba ta taɓa yafe wa garin ƙarancin ruwansa ba. Kullum sai ta yi wa mai garuwa faɗa kamar shi ya ƙafar da famfon. Mijina ya tara itace har ya kusa toshe zaure. Kanwa kuwa ba a sayenta a gidanmu, kakannina na wajen uba fatakenta ne, har yau 'yan uwa kan aiko mana da ita daga gabas.

Safe da yamma Inna kan ɗora rabin duro a murhu, sai ruwa ya tafasa ya yi ta juyi, sannan ta kira ni bayan gida. Ta tsoma damin ganyen dogon yaro a ciki ta fyaɗa mini a baya, a ciki, a cinya. In na yi ƙara ta ce raki gare ni. Ina fitowa kunun kanwa na jirana a kwano, mai kauri, da kanwar da ke kama harshe. Abin da kowace mace a gidanmu ta sani shi ne jikin mai jego ɗanye ne, sai an gasa shi. In aka yi sakaci sanyi ya shige ta, ta kumbura, ta lalace daga ciki. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ina koyar da yara sassan jiki a allo, amma mai jego ba ta da baki, kuma gaskiya ni ma ban taɓa shakkar abin ba.

Bayan suna ƙafafuna suka fara nauyi. Takalmi ya daina shiga. In na kwanta sai in ji kamar an aza mini buhun gero a ƙirji, sai na tashi na jingina da bango nake samun numfashi. Ga wani tari marar dalili. Daga ɗaki zuwa randa sai na tsaya na huta, ni da nake zuwa lakwal a ƙasa har watan haihuwata.

Inna ta danna mini ƙauri da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta kira Goggo, yayar mahaifina, ita ma ta danna.

"Sanyi ne," in ji Goggo. "Ina aka bar ta ta sha iska?"

"A hannuna?" Inna ta ce, ranta a ɓace. "Tun daga asibiti ne, da suka kwantar da ita ƙarƙashin fanka."

Maganin sanyi kuwa sananne ne. Aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa. Ina ƙara kumbura, suna ƙara tabbata cewa sanyin ya yi nisa, suna ƙara ƙaimi. Ban yi musu ba. Na gaji ne kawai, irin gajiyar da ko kuka sai mutum ya yi shawara kafin ya fara. In jaririna ya nemi nono sai a ɗora mini shi, don hannuna ba ya iya ɗaga shi daga shimfiɗa.

Wata safiya ina durƙushe a bayan gida, tururi ya rufe ni, na nemi iska na rasa. Abin da na sani daga nan, ina cikin adaidaita, kaina a kafaɗar Inna, mijina a gaba yana ce wa direba ya bi a hankali, can kuma ya ce ya yi sauri.

A babban asibiti wata likita, mace mai ƙaramar murya, ta shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji ta ɗora na'ura. Na ga zuciyata a gilashi. Ban san yadda lafiyayyiya take ba, amma ko ni na ga wannan ta yi faɗi, tana motsi da ƙyar. Aka ba ni maganin da ya sa na yi ta fitsari, ruwan da ya taru a jikina ya fara sauka. Da na iya zama, likitar ta jawo kujera ta ce a kira mata uwata.

Ta ce a jinin kowane mutum akwai masu gadi, da su aka haife mu. Ba a koya musu aiki, ba sa jiran allurar riga-kafi. Ko ƙaya ce ta soke ka su ke fara isa wurin, shi ya sa yake yin ja, ya yi zafi, ya kumbura. Ciki da haihuwa sun wahalar da naman zuciyata, masu gadin suka ji alamar rauni suka taru a kai. Aikinsu su share wuri su tafi. Wani lokacin ba sa tafiya, sai su yi ta hura wuta a naman da suka zo ceto har ya saki. Ta ce ba wannan kaɗai ne dalili ba, akwai abin da su ma ba su gama ganewa ba.

Na kwanta ina kallon rufi, takaici ya cika ni. Ashe har a cikin jinina akwai masu taimakona da zafi, waɗanda ba su san inda ake tsayawa ba.

Inna ta gyara mayafi. "Likita, ni ban yi lakwal ba. Faɗa mini wanne ne nawa a ciki."

"Inna, ba ke kika kawo ciwon ba. Amma kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Ruwan zafi kuma yana sa zuciya gudu. Tata ba ta da ƙarfin ɗaukar ko ɗaya. Kumburin nan ba sanyi ba ne, ruwa ne da zuciya ta kasa turawa. A bar wanka, a bar kanwa. In aka ci gaba, za ki iya rasa ta."

Inna ta ce to. Na san wannan to ɗin, irinsa take ce wa mahaifina.

Da aka sallame ni muka koma gida, sai na ga abin da ban taɓa gani ba, Inna a ruɗe. Tana yarinya a Gidimuni ta ga wata mai jego da ba ta samu mai yi mata wanka ba, ta kumbura ta rasu ta bar jinjiri. Wannan matar ce ke tsaye a idonta duk lokacin da ta kalle ni. Likita ta ce in an yi zan mutu, duk abin da Inna ta sani a duniya ya ce in ba a yi ba zan mutu. Da safe sai ta ɗora ruwa kamar kullum, ya tafasa, ta zauna gefensa tana kallo har ya huce, sannan ta miƙo mini. Mata masu zuwa sannu ba su rage mata komai ba. Kowace sai ta leƙa murhu, ta leƙa ni, ta ce Allah ya sawwaƙe da wata irin murya. Goggo ta daina zuwa.

Kunu ta ci gaba da dama mini, na gero zalla, salam. Sai wata yamma ta kawo kwano ta ajiye, ba ta tafi ba. Kurɓa ɗaya na yi na ji ta, can ƙasan harshe. Kaɗan ce, amma wanda ya tashi a gidanmu ba ya ɓatan kanwa.

Tunda nake ban taɓa mayar wa Inna abinci ba. A wurinmu ba a yi. Na riƙe kwanon ina tunanin ko in shanye a zauna lafiya, ɗan wannan me zai yi. Na gaji da ciwo, na gaji da zama abin magana a unguwa, na fi gajiya da ganin fuskarta haka. Amma na san in na sha yau, gobe za a ƙara, don ita a ganinta ceto na take yi.

Na ajiye kwanon na tura shi gabanta.

"Inna, akwai kanwa."

"Ɗan ƙanƙani ne. Don cikinki ya haɗe."

"In na sha, ke za ki yi renon yaron nan. Ni ba zan ga yayensa ba."

Na ɗauka faɗa za ta yi, har na shirya. Sai ta ɗauki kwanon ta fita tsakar gida ta juye wa akuya. Na ji tana wanke shi, tana ta wankewa, fiye da yadda kwano ɗaya ke buƙata a garin da ruwa ke da wuya. Ba ta ƙara sa mini ba, ba ta kuma ƙara tayar da maganar ba.

Na samu sauƙi, amma ba duka ba. Har yau ina shan magani, kuma in na yi bayani mai tsawo a aji sai na dafa tebur.

Ranar arba'in ita ce ranar da uwa ke nuna aikinta. Ana mayar da mai jego ɗakin mijinta ta yi ɓulɓul, fata na sheƙi, jariri a bayanta. Ni na rame, lallen da aka sa mini ya yi kamar na aro. Na gwada goyo, ɗaurin zane a ƙirji ya hana ni numfashi, sai Inna ta karɓe shi ta goya, muka tafi tana bayana.

Surukata ta tare mu a ƙofa, dangi cike da tsakar gida. Ta san komai, amma tambayar al'ada ce, dole a yi ta.

"Sannunku da zuwa. An gama wanka lafiya?"

Amsar ita ma sananniya ce, kalma biyu, ba wanda zai bincika. Na sunkuyar da kai ina jira Inna ta faɗe ta mu wuce. Inna, matar da ta gasa rabin matan da ke zaune a wurin, ta kwance goyo ta miƙa wa surukata yaron, sannan ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Ba a gama ba. Ɗanya na kawo muku ita. Kada wanda ya ba ta kanwa, kada wanda ya sa mata ruwan zafi. Ku bar mini ita haka, da ranta."