Kaka ta kama taɓarya

Jama'a, yau Kaka ta rusa min aikin makaranta!

An ce mu haɗa sautin Bauchi na ranar 'yancin kai, gobe za mu miƙa. Na naɗo hayaniyar unguwar Gwallaga, na ƙara da dakan da na yi a turmi wayam. Na kunna mata.

Ta ce, "Wace ce ke dakan yunwa? Turmin nan ba gero."

Matar da sai da sanda take miƙewa! Ta sa aka zuba gero, ta kama taɓarya, tana cillawa sama tana tafawa, tana waƙar da suka yi ranar da aka ba da 'yancin. Na saki baki, ban danna rikodin ba.

Na ce, "Kaka, don Allah ki sake."

Ta zauna tana haki. "'Yancin ma sau ɗaya aka ba mu."