Likkafanin Inna

Inna ta fara kaɗin likkafaninta tun kafin a yi mini aure. Haka matan garinmu, can gefen Barmu, suke yi idan girma ya fara kama su. Mace ta ware audugarta mafi kyau, ta gurje, ta yi shiɓa, ta kaɗa zare siriri, ta kai wa masaƙi. In ya kawo farin, ta ninke ta sa a ƙasan adudu da ɗan turare, don kada ranar ta zo a shiga roƙon ƙyalle gidan mutane. Na Inna shekaru ya ci, don ba ta yarda da zare mai ƙulli. Yatsunta kullum fari fat da alli.

Ciwon ido ya kai ta asibitin mishan, ta dawo da ganinta da kuma Yesu a bakinta. Ni ma na bi ta. Zama ya gagara a ƙauye, muka taho Tawa, ni da ita da mijina, ba da jimawa ba bayan an sami mulkin kai. A Tawa ƙanenta yake, Kawu, babban mai tufafi a kasuwa, wanda Inna ta goya da bayanta bayan rasuwar uwarsu. Bai taɓa leƙo mu ba.

Majami'armu ɗakin laka ne guda. Mu 'yan kaɗan ne: malamin majami'a, wasu komi-komi, ma'aikatan ofis mutanen kudu da aiki ya kawo, mushen lakwal ɗaya mai koyar da boko, sai mu. Ranar Jibin Ubangiji ana ɗora gurasa da ƙoƙo a kan tebur na katakon akwati, duk ƙusa da tabon mai. Inna ta daɗe tana duban teburin nan. Wata Lahadi sai na ga ta fito da adudu a kai.

Na tare ƙofa. "Inna, wannan fa na ranarki ne."

"Na sani, ɗiyata. Shi ne mafi kyau da nake da shi."

"In kin mutu da me za mu rufe ki?"

"Shi da aka tuɓe saboda ni, ba ya cin abinci a kan katako tsirara ina da fari a ɗaka."

Ta shimfiɗa shi da hannunta, ta daidaita gefe-gefen, ta durƙusa ta daɗe. Ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin turaren. Da muka fito ta ce da ni, a gaban malam, abin da ta ba Shi ba ta karɓa, da rai ko babu rai. Na yi fushi da ita har muka isa gida.

Ta ce za ta kaɗa wani, amma hannun ya riga ya fara rawa. Damina na kamawa ta rasu, da hantsi, ranar da ba ta kasuwa ba. Na ɗaura gyale na tafi layin masu tufafi. Kawu na zaune a rumfarsa, farin yadi jibge a bayansa har rufi.

Na durƙusa na ce, "Kawu, Inna ta cika. Likkafani na zo saye."

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Na ji ta ba tebur nata. Je ki, wanda ta ba ya suturta ta."

Maƙwabtan rumfarsa suka sunkuyar da kai. Shi ne babbansu, ba wanda zai yanka mini ko kamu ɗaya a gabansa. Na bi layin nan har ƙarshe, kowa na ce mini ya ƙare, ga shi ina gani da idona.

Na koma majami'a, na sa hannu a kan farin. Malam ya ce in na ɗauka ba wanda zai ga laifina. Na tsaya riƙe da gefensa, ina kuka ina zagin Kawu a cikin ɗakin Allah, sannan na sake shi. Mun naɗe Inna a tsohon baƙin zanenta na zuwa rijiya, ƙafafunta a waje, sai da na ƙara da gyalena. Komi-komin suka haƙa kabari, muka rufe ta bayan gari, cikin duwatsu, inda ba alama.

Malam ya yi ta karanta mini maganar gafara. Ina cewa to. Da kaka ta yi na sayi auduga, na ɗauko mazarin Inna. Ni ba gwanar kaɗi ba ce, amma na zauna, aikin ya ci mini shekaru. Mijina ya zaci likkafanina nake yi, ban gyara masa ba. Kowane zare na ja, fuskar Kawu nake gani, in murza mazarin kamar wuyansa nake murɗewa. Daɗin aikin nan na ji, ba zan ɓoye ba.

Da masaƙi ya gama, na jira Lahadi, ranar babbar kasuwa, lokacin da layin ya cika maƙil. Na fito daga sujada na wuce kai tsaye. Kawu ya tsufa, gemu ya yi fari. Na ajiye farin a gabansa, a kan hajarsa.

"Kawu, ga naka na kawo. Kyauta ne. Kada ranarka ta zo a rasa mai sayar maka."

Duk layin ya zuba mana ido. Kai wa mai rai likkafaninsa ya fi mari a bainar jama'a, na kuma san haka. Ina jira ya tashi ya zage ni in rama.

Bai zage ni ba. Ya warware gefen, ya murza da yatsu yadda mai tufafi ke yi, ya ɗaga a rana. Ya ce, "Kin matse zaren da yawa. Yaya ba ta matsewa haka." Ya sauke shi. "Rigata ta farko ita ta kaɗa mini."

Ya ninke shi a hankali ya sa ƙarƙashin cinyarsa. Sannan ya rage murya ya ce, "Ɗiyata, ina kuka sa ta?"

Komi-komin da suka haƙa kabarin an riga an canza musu gari, shi kuwa ba mai zuwa ƙofar majami'a tambaya ba ne. Na dube shi, idonsa ya kawo ruwa. Na ce, "Je ka tambayi wanda ya suturta ta." Na tashi na karkaɗe zanena.

Ya aiko mini daga baya, ya sake aikowa, ban je ba. Da ya rasu, an ce a cikin farin nan aka rufe shi, shi ya bar wasiyyar haka.

Na Inna yana nan kan tebur, gefensa ya fara cinyewa. Ni nake wanke shi. Duk ranar Jibi, kafin a miƙa gurasa, malam yakan ce wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuci ya fara sakinsa. Sai ƙoƙon ya iso gabana, in dubi zaren Inna, in miƙa wa ta kusa da ni ban sha ba.